Cinyar Gidan Alhaji Almu

Ana jibi Babbar Sallah ragon Lawwali ya tarar da buhun takin zamani a buɗe, ya ci ya ƙoshi, ya kumbura ya mutu. Ko wuƙa ba a kai ga sa masa ba.

Rashin nama bai dami Lawwali ba, maƙwabtansa a garin Pauwa ba sa barin mutum ya kwana bai tauna ba. Abin da ya tsaya masa a rai al'adar gidan surukinsa ce, Alhaji Almu na Yankara. Washegarin Sallah duk mai auren 'yar gidan sai ya kai cinyar layyarsa, a ɗaga ta a zaure, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Ga kuma Abdulgafar, mijin ƙanwar matarsa, wanda kullum ragonsa ƙato ne, bakinsa kuma ya fi ragon. Kunya ta kama Lawwali tun kafin ranar ta zo.

Matarsa Safara'u ta ari wayarsa don yi wa gida barka da Sallah, ta daɗe a bayan rumbu.

Ran Sallah da yamma sai ga Tanimu, direban da ke jigila tsakanin Kankara da Yankara, ya ratso har ƙofar gida ya sauke ƙunshi. Cinya ce shirgegiya, ɗaure da jar igiya.

"In ji wa?" Lawwali ya tambaya.

"Ni dai direba ne," in ji Tanimu, ya ja motarsa.

Lawwali ya yi tunani, ya tuna wani attajiri da ya taɓa taya turin mota a taɓo, ya yanke cewa shi ne. Bai tsananta bincike ba. Safara'u ta dubi igiyar, ta ce, "Sai ka tahi da wuri, Malam, kar ta yi wari."

Da sassafe ya hau acaɓa zuwa Kankara, ya shiga motar da ta ɗauki mutum tara da buhun gero. Cinyar na rungume a ƙirjinsa kamar jinjiri. Duk ramin da aka faɗa, ita yake fara dubawa kafin kansa.

A zauren Alhaji aka ɗaga cinyar Abdulgafar, aka yaba. Aka ɗaga ta Lawwali, kowa ya zuba mata ido. Alhaji Almu ya latsa kitsen da yatsa.

"Wanga rago ya sha dusa da harawa," ya ce. "Wanda ya kiwata shi ya san kiwo."

"Da hannuna, Baba," in ji Lawwali. "Ko barci ban yi sai na ga ya ƙoshi."

Alhaji ya gyaɗa kai. Abdulgafar ya shiga duba wayarsa.

"Aje ta nan, a shiga da ita an jima," Alhaji ya ce. Amma daɗi ya riga ya hau kan Lawwali, ya rantse shi zai kai ta ciki da kansa.

A ƙarƙashin rumfa ya hango ragon Alhaji a rataye, ba a fara yanka naman ba, an lulluɓe shi da tabarma. Zuciya ta raya masa ya gwada cinyarsa da ta tsohon, ya ga wa ya fi wani. Ya ɗaga tabarmar.

Ragon na rataye da guntun jar igiya, da ƙafa uku.