Kwando Mai Dariya

Tun da aka kafa dokar cewa kowane kwandon kayan gona sai ya yi magana da muryar wanda ya noma kayan, Tabawa ta rasa sukuni. Kowane gida a birni yakan zaɓi manomi ɗaya da zai riƙa kawo masa kaya shekara guda. Ita kuwa don kunya, abin da ta iya koya wa kwandonta ke nan: "Tumatir ne."

Na maƙwabciyarta Kuluwa har dariya yake yi. Gidaje takwas sun bar Tabawa sun koma can. Saura gidan Hajiya Yalwa, ita ma jibi za ta zaɓa.

Da Tabawa ta kai kaya gidan Hajiya, sai ta tarar da kwandon Kuluwa a tsakar gida, har an shimfiɗa masa tabarma.

"Hajjaju, ya ƙafar taki?" in ji kwandon.

"Da sauƙi, 'yar albarka." Hajiya ta juyo. "Ke Tabawa, taɓa tumatirin nan ki ji abin da ake kira noma."

Ta taɓa, ta kuma gane shi sarai. Nata ne. Jiya Kuluwa ta roƙe ta, ta ba ta, don tsutsa ta cinye mata gona. Ta mayar da shi cikin kwandon.

"Yana da kyau, Hajiya," ta ce, kanta a ƙasa.

Washegari da sassafe ta kai kwandonta bayan rumbu, ta waiga babu kowa, ta kara bakinta a jikinsa ta ƙaƙaro irin dariyar maƙwabciyarta don ya koya.

Kwandon ya amsa da fara'a: "Sannu da zuwa, Kuluwa."