Ƙunshin Hanza daga Maraɗi

Ruwan sama bai ɗauke ba tun safe a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Barira na tsugune a ɗakin rainon tsirrai tana tuge ruɓaɓɓen dashen aduwa, sai ta ji sallamar Illa, masanin tsirran nan na Maraɗi da suka yi shekaru suna musayar iri.

Ya miƙo mata ƙunshin irin itacen hanza, amma bai saki ba.

"Dakta, ba taron masana kaɗai ya kawo ni garin nan ba. Aurenki nike so."

Ta dubi furfurar gemunsa. Da can, wannan magana sai ta hana ta barci. Yau ko gabanta bai faɗi ba.

"Malam Illa, duk saƙon da ka aiko sai na zazzage shi, ko zan tsinci kalma ɗaya da ba sunan tsiro ba. Na gaji, na daina dubawa."

"Na makara ke nan?"

"Ka makara."

Ya sunkuyar da kai, ya saki ƙunshin. "To, in daina aikowa?"

Ta daɗe tana juya ƙunshin a hannunta.

"A'a, ka ci gaba. Kai kaɗai kake tambayata ko sun tsiro."