Ranar da Na Buga Hannun Gem da Ƙasa

Ina ɗan firamare lokacin, a gidanmu na Nassarawa. Bayan azahar ne, ni da Yaya Sadik muna gem ɗin faɗa a falo, sai lallasa ni yake yi. Tafin hannuna duk zufa, ina ta danna maɓallai ba ji ba gani. Da mutumina ya sake faɗuwa, sai na maka hannun gem ɗin da ƙasa. Murfin batir ya yi tsalle ya tsaya daidai ƙafar Abba, wanda ban san ya shigo ba.

Tun ranar da ya sayo gem ɗin ya ce in ya jawo rigima, 'ya'yan Kawu na Giginyu zai ba.

Ya duƙa ya ɗauki murfin. "Je ka yi alwala ka dawo."

"Abba, ai na yi sallah."

"Ban tambaye ka ba."

A bakin famfo ruwan na sanyaya min fuska, kunnena kuwa yana falo, ina jiran in ji ana zare wayoyi. Da na dawo, sai na tarar ya manne murfin da salatif. Ya miƙo min, ya ce, "Fushi ne ke danna maka. Kare kanka tukuna, ka lura da abin da yayanka yake maimaitawa."

Yaya ya sake cinye ni, amma sai da ya gyara zama.

Abba ya daɗe da rasuwa. Har yau in aka ɓata min rai a ofis, kafin in buɗe baki sai ka ga ina naɗe hannun riga zan yi alwala.