Tafin Hannun Baba

"Baba, na tafka asara," na ce, na ajiye kwamfutar a gefen gadonsa.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa baki, da ido kawai yake bin mutane. Na ƙulla alkawarin sayen takardun bashin gwamnati nan da wata uku a kan casa'in da takwas, ga shi farashin ya gangaro casa'in da biyar. Faɗuwar uku, sau kwangila ɗari biyu da na ƙulla. A kan cinyarsa na koyi wannan lissafin.

A zamaninsa na dillanci babu kwamfuta. Zaure ne cike da dillalai, ihu kamar ana rabon gado, don haka da hannu ake ciniki: ka tura tafin hannu waje, ka sayar, ka juyo shi ƙirjinka, ka saya. Kullum da dusasshiyar murya yake dawowa, mu tare shi a ƙofa muna kwaikwayonsa.

"Gobe za su sallame ni daga aiki, Baba. Farashina ya faɗi warwas, wa zai ƙara ɗaukata?"

Hannunsa mai lafiyar ya ɗago. Ya dube ni, ya juya tafin zuwa ƙirjinsa.