Kwamfutar Sharhabilu Mai Shan Ruwa

Sharhabilu ya dire kwamfutar a kan teburin Muttaka, ya jawo benci ya zauna, ya ce ba inda za ta je.

Daga Maradun ya ɗauko ta ranar Talata, kasuwar Mafara na tsakiyar ci. Irin manyan nan ce da ruwa ke sanyaya su: ɗan tanki, famfo, da tiyo biyu masu kai ruwa kan ƙwaƙwalwar injin su dawo da shi. Da ita yake haɗa bidiyon biki da na wa'azi. Ya sayo mata sabon katin sarrafa hoto daga Kano, mai farantin tagulla da ruwa ke ratsawa, yana so a shigar da shi cikin zagayen ruwan. Daga Mafara har Bakura kowa ya san shago ɗaya ne aikinsa bai taɓa yoyo ba.

Amma shagon da ƙa'idarsa. Ka kawo yau, Muttaka ya ɗaure a bayan babur ya kai gida, gobe ka zo ka karɓa. Shekara bakwai haka ake yi.

"Malam Muttaka, ba raini ba ne," in ji Sharhabilu. "An taɓa musanya min kaya a bayan idona, na yi rantsuwa. Gabana za a yi wanga aiki, kuma kahin la'asar in kama hanya. In ba ka iyawa ka hwaɗi, in gaya ma mutane."

Da ƙarfi ya faɗa. Masu shagunan kusa suka bar abin da suke yi.

Muttaka ya ce kayan aikinsa na gida. Sharhabilu ya ce ya je ya ɗauko, shi yana nan. Muttaka ya ce shagon akwai zafi. Aka nuna masa fanka na juyawa. Sharhabilu ya ce to su tafi gidan tare, ya zauna ya kalla. Nan Muttaka ya murtuke fuska, don duk unguwa an san ko ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa wuce zaurensa ba.

Ya zaga bayan shago ya buga waya. Sau uku tana ƙara ba a ɗauka ba. Da ya dawo ya tarar maƙwabta sun cika bakin ƙofa, suna masa irin kallon da ake wa mahaucin da ya ƙi a duba sikelinsa. Mutum ba shi da abin da ya fi sunansa, kuma suna kamar ƙwai ne, sau ɗaya yake faɗuwa.

Sai ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla.

Ya zare wayar wuta. Ya kwance murfin, yana bayani da murya mai daɗi: yadda ruwa zai baro famfo ya bi ta katin, yadda iska ke laɓewa a tiyo in ba a karkata injin ba. Bakin Muttaka bai taɓa ba shi kunya ba. Har Sharhabilu ya fara gyaɗa kai. Gumi kuwa ya jiƙa wa Muttaka riga har gadon baya.

Ya soka katin a mazauninsa, ya shiga daidai. Ya yi ajiyar zuciya. Saura tiyo. Ya kama na sama, ya murɗa bakinsa, ya ja.

Ruwa ya yi tsartuwa. Shuɗi, mai sanyi, ya wanke sabon katin, ya gangara kan babban allon da komai ke manne a jikinsa, ya taru a gindin akwatin. Muttaka ya toshe tiyon da babban yatsa, ruwan ya ɓullo ta ɗaya bakin.

"Innalillahi! Ka kashe ni!" Sharhabilu ya miƙe. "Bikin mutum huɗu na ciki! Kunna mu gani ko tana da rai!"

"Kar ka taɓa wuta!" Muttaka ya daka masa tsawa. Wannan kam ya sha jin ta: inji jiƙaƙƙe, in ya ga wuta ya mutu ke nan.

Bai tsaya neman igiya ba. Ya rungumi kwamfutar a ƙirji ya fita a guje, kansa ba hula, ya ratsa layin masu nama, ruwa na bin ƙafar wandonsa. Sharhabilu na biye yana ihu a tare masa shi. Mutane suka ce ai ga shi nan, dama ɓarawo ne.

A zaure Sharhabilu ya cim masa, ya tare ƙofar ciki da jikinsa.

"Wallahi ba ta wuce nan sai da ni."

Muttaka ya dubi ƙofar. Ya dubi jama'ar da ta taru a waje. Ya dubi ruwan da ke ɗiga, kowane ɗigo na ƙara shiga inda ba a so. Ya durƙusa ya ajiye kwamfutar a kan tabarma, ya ɗaga murya.

"A sa hijabi, a hito da kayan aiki."

Hindatu matarsa ta fito, goye da jaririya, hannunta da sauran kumfar wanki, tana riƙe da akwatin ƙarfe. Sharhabilu ya kauce yana jiran ta miƙa wa mijinta. Ba ta miƙa ba. Ta durƙusa, ta karkata injin ruwan ya tsiyaye ta gefe guda, ta zaro katin da yatsu biyu ta duba shi a hasken ƙofa, sannan ta dubi Muttaka.

"Maigida, wa yac ce ka taɓa? Shekara bakwai kana zaune kana kallona, ka taɓa ganin na cire tiyo ban zubda ruwan ba?"