Muryar da Babana Ya Gane

Babana Zdravko ya damƙe hannuna a tsakiyar taron kamfe.

"Nevena, shi ne! Na rantse da Allah shi ne."

Shugaban jam'iyya mai mulki ne a kan dandamali, yana yi wa mutanen garinmu alkawarin 'yanci. Zamanin kwaminisanci, 'yan sandan ciki sun tsare Baba a Sofia, babban birnin ƙasarmu Bulgeriya, ido a ɗaure. Mutum biyu ke shiga wurinsa. Ɗaya ya jibge shi yana zagi, ɗayan ya zo ya ba shi ruwa, ko tari ba ya yi.

"Baba, tsufa ne. Murya tana kama da murya."

"Ke, rufe min baki! Haƙarƙarinki ya karya ko nawa?"

Ya ja ni muka tsallaka titi zuwa ofishin 'yan adawa. Shugabansu Lyuben, dattijo mai fara'a, da kansa ya jawo mana kujeru. Ya saurari Baba har ƙarshe.

"Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Maganar nan ta zo inda ya dace."

Tari ya sarƙe Baba. Lyuben ya tashi ya murza wa ƙofa makulli, ya ɗebo ruwa. Bai miƙa kofin ba. Ya tallafi ƙeyar Baba da tafin hannu, ya kai masa kofin baki.

Baba ya sandare.

"Sha a hankali, Zdravko. Tun can haka kake, kullum sai ka ƙware."