Ƙafafun da ke Ƙarƙashin Tanka

"Baba, sai dai ka cire ƙafafun nan," in ji shugabar baje kolin. "Masu kallo za su zaci tankar ta take mutum."

Tsohon sojan ya dubi aikinsa. Wata bakwai ya yi a tsakar gidansa a unguwar Talladjé yana yanka gwangwanin sardin da kwali, har ya tayar da 'yar tankar yaƙi bisa allon katako. Ya shimfiɗa mata yashin bakin kogi, ya tsinka mata sarƙa ɗaya, kamar yadda ya same ta a fagen daga. Daga ƙarƙashinta ƙafafu biyu na laka sun leƙo, sanye da takalman soja.

"Madam, makanike ne. Gyara yake yi, ana ruwan wuta a kansa."

"Na ji. Amma in ba ka cire ba, ba za ta shiga zauren ba."

"To, ta zauna waje."

Ya ɗora allon bisa cinyarsa, ya murza kekensa na guragu zuwa bakin titi, inda jama'a suka fi yawa.

"Likita ya cire mini ƙafafun nan sau ɗaya," ya waiwayo ya ce mata. "Ba mai sake cirewa."